Sa'o'i Biyu Kafin Jini Ya Gaza



Akwai wata magana da muka saba ji a zaman makoki, daga Karaga har Yendi, daga Salaga har Bawku. Za ka ji wani daga cikin dangin mamaci ya girgiza kai ya ce: "Ai da safe ma mun gaisa, har koko ya sha." Mai faɗin haka gaskiya yake faɗi, domin abin da idonsa ya gani ke nan. To amma likitocin da ke kula da masu tsananin ciwo suna cewa ba kasafai abin yake zuwa farat ɗaya ba. Sau da yawa jikin majinyaci yakan shafe sa'o'i yana kokawa a ɓoye, alhali bakinsa yana amsa gaisuwa, kafin ƙarfinsa ya ƙare a gaban kowa. Waɗannan sa'o'i na ɓoye su ne abin da muke son mu tattauna a kai, ganin cewa a 'yan shekarun nan masana sun koya wa kwamfuta yadda za ta hango su. Mu da muka yi zaman jinya a barandar asibiti, muka kwana a kan tabarma muna jiran fitowar likita, muna da haƙƙin mu san abin da wannan sabon ilmi yake iyawa, da kuma inda zai iske mu.

Yadda jini ke gazawa

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma zuciya tana zagaya da kusan dukkansa cikin minti ɗaya. Aikin wannan zagaye shi ne kai iskar oksijin da abinci ga kowace gaɓa. Sanin hanyar da jini ke bi ya daɗe: tun a ƙarni na 13 Ibn Nafis, babban likitan Alƙahira wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu daga ɓangare ɗaya na zuciya zuwa ɗayan, sannan a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen gaba ɗaya.

Idan jini ya ragu, ko zuciya ta raunana, ko jijiyoyi suka saki saboda gubar ƙwayoyin cuta, sai jiki ya yi abin da maigida mai hankali yake yi in rumbu ya kusa ƙarewa, wato ya fara rage rabo. Fata da hanji da ƙoda su ake fara rage wa, domin a tanada wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa hannu da ƙafa kan yi sanyi, fitsari ya ragu, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru. A daidai wannan lokaci, idan aka ɗaura awo a damtsen majinyaci, ana iya samun ƙarfin jininsa daidai. Saurayi mai lafiya yana iya zubar da abin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku na jininsa kafin awon damtse ya nuna faɗuwa, haka nan ƙananan yara da mata masu ciki sukan riƙe awon har zuwa ƙurarren lokaci. Kafin ya faɗi, gaɓoɓin da aka rage wa rabo sun daɗe suna galabaita, kuma wani sinadari da ake kira laktet ya fara taruwa a cikin jini. In aka makara, ko da an ƙara jini an ƙara ruwa, ƙoda ko hanta na iya ƙin farfaɗowa.

Abubuwan da ke jawo wannan hali a yankinmu ba baƙi ba ne. Akwai zubar jini bayan haihuwa, da haɗarin babur a kan hanyar kasuwa, da saran kububuwa a gona, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa. Akwai amai da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro mai shanye jinin yara, da taifod idan ta huda hanji, da sanƙarau a lokacin zafi. Kowane gida a zango yana da labarin ɗaya daga cikinsu.

Yadda ake koya wa kwamfuta

Duk wanda ya yi jinya ya san irin tsohuwar nas ɗin nan da takan tsaya a bakin gado, ta dubi majinyaci, ta ce a kira likita, alhali takardar awo ba ta nuna komai ba. Dubban marasa lafiya da suka ratsa hannunta ne suka bar mata wannan ido. Koyon na'ura, wanda reshe ne na abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ƙoƙari ne na ba kwamfuta irin wannan ido. Akan ɗauki bayanan marasa lafiya masu yawan gaske, a nuna mata awon kowanensu daga lokaci zuwa lokaci, a kuma nuna mata waɗanda jininsu ya gaza da waɗanda suka tsira. Da lissafi sai ta gano irin sauye-sauyen da kan riga gazawar, har da ƙananan da idon mutum ba ya kamawa.

Misalin da ya fi shahara ya fito daga ƙasar Suwizalan. A 2020 masanan jami'ar kimiyya ta ETH da ke Zurik, tare da likitocin babban asibitin jami'a na Bern, suka wallafa aikinsu a mujallar Nature Medicine. Sun tattara bayanan kwanciya fiye da 50,000 a ɗakin kulawa ta musamman, waɗanda in aka jera su za su kai shekaru 240 na awo. Tsarin da suka gina, mai suna circEWS, ya hango kashi 90 cikin 100 na gazawar gudanar jini a bayanan da aka jarraba shi da su, kuma kashi 82 cikin 100 ya hango su fiye da sa'o'i biyu kafin su auku. Sa'o'i biyu a wannan ɗaki dukiya ce babba: sun isa a ɗauko jini, a fara maganin ƙwayoyin cuta, a kira mai tiyata daga gida.

Akwai kuma wata na'ura da kamfanin Edwards na Amurka ya ƙera, wadda hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 2018. Ita tana karanta siffar bugun jini ta wani siririn bututu da ake sa wa a jijiyar hannu, sai ta ba da lamba daga 0 zuwa 100, in lambar ta haura 85 ta yi ƙara, alamar ƙarfin jini zai faɗi nan da 'yan mintoci. Da aka gwada ta a ɗakin tiyata a Amstadam, a kan mutum 68, an ga ta rage lokacin da marasa lafiya ke shafewa da ƙarancin ƙarfin jini. Amma da aka gwada ta a Kilibilan ta Amurka a kan mutum 214, ba a ga bambanci ba, kuma masu binciken sun lura cewa kusan rabin gargaɗin da ta yi ba a yi aiki da shi ba. An wallafa gwaje-gwajen biyu a 2020. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan darasi na Kilibilan, domin za mu sake haɗuwa da shi a kusa da gida.

Mun san wasu iyayenmu za su tambaya ko wannan ba wani salon duba ba ne. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta a fili take. Na'urar ba ta san gaibu ba, ba ta kuma san ajalin kowa ba. Tana yin irin abin da manomi ke yi in ya ga hadari ya haɗu a gabas, iska ta juya, ya ce wa yara su kwashe shanya. Wani lokaci ruwan ya sauka, wani lokaci ya wuce. Karanta alama da ɗaukar mataki suna cikin riƙo da sababi, wanda malamanmu suka karantar da mu cewa ba ya cin karo da tawakkali.

Inda ta kan yi tuntuɓe

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kamfanin Epic, wanda ɗaruruwan asibitocin Amurka ke amfani da manhajarsa, ya fitar da tsarin hango gubar ƙwayoyin cuta a jini. Da masanan Jami'ar Mishigan suka bi diddiginsa a kan kwanciya fiye da 38,000, sai suka bayyana a 2021 cewa ya kasa gano kashi 67 cikin 100 na waɗanda suka kamu, alhali ya yi ƙara a kan kashi 18 cikin 100 na dukkan waɗanda aka kwantar. Ƙararrawar da ke kaɗawa ba dalili, ƙarshenta ma'aikata su daina juyowa.

Abin da ya fi damunmu shi ne cewa na'ura ɗiyar bayanan da aka rene ta da su ce. Wadda ta yi karatu a Bern ta san dattijon Turawa da aka yi wa aikin zuciya, ba ta taɓa ganin yaron Karaga da zazzaɓi ya shanye wa jini ba. Wannan ba zargi ba ne na son rai, domin tarihi ya riga ya nuna haɗarin ɗauko ƙa'idar wata ƙasa a shimfiɗa ta a wata. Shekaru da dama ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya raunana gudanar jininsa a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya. Da Farfesa Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada wannan a kan yara 3,141 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza likitoci: cikin sa'o'i 48, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, a yayin da waɗanda ba a yi wa haka ba kashi 7.3 ne. Ƙa'idar da ake ganin ceto ce a asibitocin Turai, a nan ta ƙara mace-mace. Na'urar da aka koya wa darasin Turai za ta iya maimaita irin wannan kuskure ba tare da ta yi shakka ba.

Har launin fata yana shiga lissafin. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa domin auna oksijin, da haske take aiki. A 2020 wani bincike na Mishigan ya nuna cewa tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan sau uku fiye da yadda take yi a jikin farar fata. Haka nan dabbare-dabbaren da kan fito a gwiwar wanda jininsa ke gazawa, wanda likitocin Turai ke dogaro da shi, da wuya a gan shi a fatarmu. Kwamfutar da aka ciyar da awo mai karkata, hasashenta ma zai karkata.

Daga Bern zuwa Karaga

Yanzu bari mu dawo gida. Wani bincike da likitocin Ghana suka wallafa a 2021 ya ƙidaya gadajen kulawa ta musamman a ƙasar baki ɗaya: 113 na manya, 36 na yara, ga al'umma mai kimanin miliyan 30. Wato rabin gado ga kowane mutum 100,000. A arewa, babban wurin da ake tura masu tsananin ciwo shi ne Asibitin Koyarwa na Tamale. Daga Karaga zuwa can tafiyar kusan kilomita 100 ce, haka ma daga Yendi. Daga Salaga ta ɗara haka. Mutumin Bawku kuwa in ya bi ta Bolgatanga sai ya shafe fiye da kilomita 200. Da damina akwai ƙauyukan da ruwa ke yanke wa hanya gaba ɗaya. Saboda haka sa'o'i biyun da na'urar Bern ke sayo wa majinyaci, mu a kan hanya muke kashe su, ko ma tun a tsakar gida kafin a yanke shawarar tafiya.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A 2025 mujallar Lancet ta wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, a kan majinyata kusan 20,000. An samu cewa ɗaya cikin kowane takwas yana cikin tsananin ciwo, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu cikin mako guda. Kusan kashi biyu cikin uku nasu a ɗakin kwanciya na kowa da kowa suke, kuma fiye da rabinsu ba su samu cikakken taimakon farko mai sauƙi ba, irin su oksijin da ƙarin ruwa da gyara kwanciyar wanda ya suma. Ma'ana, mai tsananin ciwo a Afirka yawanci ba ya ƙarƙashin allon kwamfuta. Yana kan gado na goma sha a ɗakin da nas ɗaya ko biyu ke gadin dare.

An ma gwada hasashe shi kaɗai a nahiyarmu. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2021, asibitoci 332 a ƙasashen Afirka 28 sun shiga, an yi amfani da wani lissafi mai sauƙi domin ware waɗanda ke cikin haɗari bayan tiyata, da nufin a ƙara sa musu ido. Mace-mace ba su ragu ba. An san waɗanda ke cikin haɗari, amma hannayen da za su amsa ba su ƙaru ba. Darasin Kilibilan ke nan ya sake bayyana. A ɗaya gefen kuma, a asibitoci biyar na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, rahoton 2022 ya nuna cewa majinyatan da likita ya amsa gargaɗin kwamfuta a kansu cikin sa'o'i uku sun fi tsira a kan waɗanda aka jinkirta.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, suna ratsa Yendi su sauka Salaga, sun san wannan tsari sarai. Kowane ayari yana da jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba mashigi da zango, ya dawo da labari. Amma labarin jagaba ba ya tsallakar da jaki ko ɗaya. Sai madugu ya yanke shawara, fatake sun ɗaura kaya. Na'urar hasashe jagaba ce, kuma jagaba nagari, idan ta san hanyar. Tambayar da ta rage mana ita ce ko ayarin a shirye yake.

Wani dare a unguwarmu

Shekaru kaɗan da suka wuce, surukar wani dattijo maƙwabcinmu ta haihu bayan sallar isha'i a wani ƙaramin asibiti. An yi barka, har an aika gida a ɗora ruwan wanka. Mai jego tana magana, tana cewa ƙishirwa kawai take ji. Matashiyar ungozomar da ke aiki a daren ta kama hannunta ta ji shi da sanyi, ta danna farcenta ta saki, ta ƙidaya bugun zuciya, ta auna damtse, sannan ta fito baranda inda muke zaune.

Ta durƙusa ta ce: "Baba, bugun zuciyarta ya haura lambar awon jininta. Na ba ta abin da nake da shi, amma jini take bukata. Ina so a tafi da ita yanzu."

Dattijon ya ce: "'Yata, ga ta tana magana. Ba za a bari gari ya waye ba?"

Ta ce: "Baba, tun tana magana ya kamata a tafi."

Dattijon bai ƙara musu ba. Ya ce a kira mota, ya kuma ce samari uku su bi ta, ko da za a nemi jini. An kuwa nema, biyu daga cikinsu suka bayar. Yaron da aka haifa a daren yau yana zuwa makarantar allo, mahaifiyarsa ce ke raka shi.

Abin da ungozomar nan ta yi yana da tushe a ilmi. Tun 1967 likitoci biyu, Allgöwer da Burri, suka nuna cewa in aka raba yawan bugun zuciya da lambar sama ta awon jini ana samun ma'auni mai faɗakarwa da wuri. A babban mutum, idan bugun ya kamo lambar ko ya wuce ta, akwai haɗari. A kan wannan lissafi ne masanan King's College ta Landan suka ƙera wata na'urar awon jini mai suna CRADLE domin ungozomomin karkara, wadda ke nuna kore ko rawaya ko ja kamar fitilar hanya. Danna farce ma ba ƙaramin abu ba ne. A 2019 an wallafa wani gwaji da Farfesa Glenn Hernández na ƙasar Chile ya jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman 28 na Kudancin Amurka, a kan mutum 424. Waɗanda aka bi jinyarsu da danna yatsa, kashi 34.9 cikin 100 suka rasu. Waɗanda aka bi da awon laktet, kashi 43.4. Masu binciken sun ce tazarar ba ta kai a yanke hukunci ba, amma ta isa ta nuna cewa yatsa da agogo ba su gaza ɗakin gwaji ba.

Misali mafi kusa da zuciyarmu ya fito daga Kano. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 210,000. Kayan aikin wata shimfiɗar leda ce mai aljihu da ma'auni, wadda ake sa wa a ƙarƙashin mai haihuwa domin a ga yawan jinin da ya zuba, maimakon a yi kintace da ido. Da zarar ya kai layin gargaɗi, sai a haɗa dukkan matakan magani a lokaci guda. Sakamakon 2023 ya nuna raguwar mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. Sirrin nasarar shi ne an ɗaure gargaɗi da amsa wuri ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Ba muna cewa a juya wa sabuwar fasaha baya ba. Ghana ta riga ta ga alherinta: a 2019 kamfanin Zipline ya fara jigilar jini da magunguna da jirage marasa matuƙi, har ya kafa tasha a Vobsi kusa da Walewale domin arewa, a shekarar ce kuma Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra, a farkon 2020 aka raba motocin ɗaukar marasa lafiya 307 a faɗin ƙasa. Ranar da za a kawo na'urar hasashe Tamale ko Yendi za ta zo, in Allah Ya so. In ta zo, shugabannin al'umma da 'ya'yanmu masu ilmi su yi tambayoyi huɗu: da bayanan su wane ne aka koyar da ita, an gwada ta a kan mutanenmu, wane ne zai amsa in ta yi ƙara da tsakar dare, kuma ina bayanan majinyatanmu za su tafi, tunda ƙasar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012. Muna kuma kira ga matasanmu da ke karatun likita da na kwamfuta a Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Tamale da sauran jami'o'i, su sani cewa na'urar da za ta amfane mu sai an rene ta da awon marasa lafiyarmu, kuma wannan aiki yana farawa ne daga rubuta awo daidai a takardar gefen gado.

Kafin wannan rana, na'urar farko da ke gadin majinyacinmu ita ce mai jinya: uwa, ko goggo, ko ƙanin da ke kwana a gefen gado. Ga abin da ya kamata kowane gida ya haddace. Idan mai ciwo, ko mai jego, ko wanda ya yi haɗari, hannunsa da ƙafarsa suka yi sanyi ko suka jiƙe da gumi. Idan aka danna kan yatsarsa har ya yi fari, aka saki, launin ya ɗauki fiye da daƙiƙa uku bai dawo ba. Idan zuciyarsa tana bugawa da sauri amma ba ƙarfi. Idan numfashinsa ya ƙaru. Idan ya wuni bai yi fitsari ba. Idan ya fara ruɗewa, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko ya kasa zama saboda jiri, to lokacin tafiya ya yi, ko dare ko rana. In kuwa a asibiti ake, a tashi a faɗa wa nas cikin ladabi, a ambaci alamar da aka gani ƙarara, in ba a zo ba a sake komawa. Rauni mai zubar jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Mai gudawa da ke iya haɗiya a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Sannan Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maigidan da sana'a ke fitar da shi ya bar izini a fili, cewa in irin wannan ta taso a tafi da iyalinsa ba sai an jira shi ba. Katin inshorar lafiya, wadda aka kafa da dokar 2003, a sabunta shi tun ana lafiya. Gidan da ke da mai ciki ya san tun watan bakwai motar da za a kira da waɗanda za su ba da jini. Masallatan unguwa da ƙungiyoyin mata za su iya ajiye ɗan asusun man mota, su kuma rubuta sunayen samarin da suka san rukunin jininsu kuma suka yarda a tashe su da dare. Abin da ake ɗiba a wurin mai bayarwa bai kai rabin lita ba, jikin mai lafiya kuma yana mayar da shi. Duk wannan ba ya bukatar lantarki ko intanet, kuma shi ne zai sa hasashen kowace na'ura ya yi amfani ranar da ta iso.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da ma'aikatan asibiti da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.